Maraɗi: tafiyar rigar yaro daga bakin teku zuwa Jiratawa

Ranar Litinin da ranar Juma'a ne kasuwar Maraɗi ke cika, amma ƴan bosho ba su jira sai rana ta ɗaga. Da an fito sallar asuba, tun masu hatsi ba su kwance bakin buhunansu ba, ake mirgino dila daga sito, a aje ta bisa shimfiɗar leda, masu sari su kewaye ta kamar ana rabon naman watanda. Dila guda takan kai kilo 45, wata 55. Inji ne ya matse ta har ta yi tauri kamar bulo, aka naɗe ta, aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe. Wanda ya zuba kuɗinsa ya saye ta bai ga cikinta ba. Iyakar abin da ya gani shi ne ƴar takardar da ke liƙe a jikinta, mai cewa kayan yara ne, na zafi ko na sanyi, daga shekara kaza zuwa shekara kaza. Sai an tsinka igiya, dila ta kumbura ta buɗe baki, warin nan da kowa ya san ta da shi ya tashi, sannan mai ita zai san ko ya ci riba, ko kuwa a wannan mako uwar kuɗi ma sai an haɗa da addu'a.

Abin da ƴan Nijar ke kira bosho, Kanawa kuma su ce gwanjo, iri-iri ne: akwai na manya, akwai labule da barguna, akwai takalma. To amma a Maraɗi babu wanda ke tafiya kamar na yara, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Bagalam ko Mokoyo lokacin tashi daga lakwal. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum dubu 267 a cikin birnin, miliyan 3 da dubu 400 a cikin jihar, kusan rabinsu kuwa ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiyar iyali na wannan shekara ya nuna macen Nijar takan haifi ƴaƴa fiye da 7 a rayuwarta, ta jihar Maraɗi fiye da 8. Magidanci na iya shekara biyar da babbar riga guda. Yaro kuwa, in gwiwar wando ba ta huje ba cikin wata shida, to ƙafa ta zarce shi.

Wannan riga da ake wawaso a kanta ta yi tafiyar da mai sayenta bai taɓa yi ba. Wata uwa ce a Faransa, ko Ingila, ko Jamus, ta ga ɗanta ya girme ta, ta jefa ta cikin akwatin tara tsofaffin tufafi da ke bakin titi. Ƙungiyoyin agaji irin su Emmaüs da Oxfam da kamfanonin da ke wannan sana'a sukan tsince mafi kyau su sayar can gida, saura a rarraba shi daraja-daraja, a matse, a sayar wa ƴan kasuwa. Kyauta ce daga hannun farko, amma daga hannu na biyu ta zama haja, kuma ba laifi a faɗi haka, domin har yanzu akwai masu zaton sadaka ce aka aiko wa talakawa wasu suka karkatar. A shekarun baya-bayan nan ƙasar Sin ma ta shigo sahun manyan masu fitar da bosho. Jirgin ruwa ya kawo kwantena Kwatanu ko Lome, inda ƴan kasuwa Ibo suka daɗe da riƙe kan wannan ciniki. Daga nan sai manyan motoci. Hanyar da direbobi suka sani tun kaka da kakanni ita ce ta Paraku, a ƙetare gadar Gaya, a bi Doso, Dogon Dutsi, Kwanni, Madawa, Gidan Rumji, a ratsa Tsibiri, a sauke a Maraɗi.

A da, yawancin dilolin ba don Maraɗi ake sauke su ba. Garin ya saba da cin abinci daga iyaka tun kafuwarsa, lokacin da sarakunan Katsina da jihadi ya tayar suka zauna a kwarin gulbi a farkon ƙarni na 19, suna hangen garin da suka baro. Ruwa ya ci tsohon gari a 1945, aka hau tudu, aka ja tituna a miƙe. Gyaɗa ta kawo kuɗi, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka kwashe su. Abin da ya tsayar da alhazan Maraɗi da ƙafafunsu shi ne fiton kaya zuwa Nijeriya, wanda ya bunƙasa tun yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970: taba, atamfa, shinkafa, da bosho. Nijeriya ta yi shekaru da dama tana hana shigo da tsofaffin tufafi don ta kare masaƙunta na Kaduna da Kano. Dokar ba ta hana ƴan Nijeriya son kayan ba, sai dai ta sauya musu hanya. Dila ta sauka Kwatanu da takardun Nijar, ta biya harajin wucewa ga duwan, ta kwana a sito a Maraɗi, ta bi ta Ɗan Isa ko ta wata ɓarauniyar hanya, ta wayi gari a Jibiya, jibi kuma tana Ƙofar Wambai a Kano. Baturen nan Emmanuel Grégoire, da ya rubuta littafi kan alhazan Maraɗi a 1986, ya bayyana yadda uban gida ke ba baransa kaya bisa amana, ba takarda ba sa hannu. Har gobe haka dilar yara ke fita daga sito: a ɗauka bashi, a biya bayan kasuwa biyu ko uku.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikatan da suka ga wannan zamani ba su buƙatar a tuna musu. Duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, albashi kuwa ana bin gwamnati bashinsa wata da watanni. Mushen lakwal da sakataren ofis, waɗanda a da in za su sayi bosho sai su aiki yaron gida ko su jira magariba, suka fara tsugunawa gaban tsibin kaya da rana tsaka, kafaɗa da kafaɗa da mai tura kura. Kunyar ta tafi tun daga lokacin, ba ta kuma dawo ba. Garin da ya yi arziki da miƙa wa maƙwabta bosho ya koma tufatar da ƴaƴansa da shi.

Cikin dila guda akwai kasuwa uku ko huɗu. Zaɓen farko, wanda ake kira lamba ɗaya, ba ya ko taɓa ƙasa: wandon jin da bai koɗe ba, rigar jariri mai maɓallai cikakku, wani lokaci har da wadda takardar kantin Turai ke rataye a wuyanta. Masu butik a Sabon Gari da unguwar Zariya ke kwashe su, a wanke, a goge, a rataya a bayan gilashi, kuɗinsu ya ninka. Ƙarshen wata, in albashi ya faɗo, can matan ma'aikata ke nufa. Na biyu shi ake ratayawa a rumfa ko a ɗora bisa tebur. A nan ne ciniki ke da daɗin saurare.

"Alhaji, wannan ta nawa?"

"Dala ɗari biyu, Hajiya. Duba wuyanta, ko wanki biyu ba ta sha ba."

"Haba Alhaji, ta goye ce fa. Dala tamanin."

"Albarka. Ƙara dai, uwar gida, don Allah."

Ta aje, ta yi taku uku, ya kira ta. Kowa ya san yadda za ta ƙare, amma babu mai yarda a tsallake ko mataki guda.

Akwai kuma kasuwar da ba a gani daga titi. Matan da ba su fita suna da dillaliyarsu, tsohuwa mai ƙunshi a ka, wadda ke shiga gida-gida da kayan jarirai da na ƴan mata, ta bar su a gwada, ta dawo karɓar kuɗi ranar da aka kwashi adashi. Sana'arta ta girmi bosho nesa ba kusa ba, domin tun kafin jirgin ruwa ya kawo dilar farko, dillalai ke sayar wa mata zannuwan da suka gaji da su. Haka ma kwance: rigar wa ta koma ta ƙane, ta ƙane ta koma ta ɗan maƙwabci, daga bisani ta almajirin gida. Bahaushe bai koyi sa tufafin wani daga Turawa ba. Baƙon abu dai shi ne sayen kwancen yaron da ba a san sunan ubansa ba.

Wurin da ya fi cancanta mutum ya tsaya ya lura shi ne wurin awo. A wuyan kowace riga akwai ɗan ƙyalle mai cewa ta ɗan shekara 2 ce, ko 4, ko 6. Uwayen Maraɗi, har waɗanda suka yi lakwal, ba su cika kula shi ba. Wata takan zo da zare da ta auna kafaɗar ɗanta ta ƙulla, wata da karan dawa da ta karya daidai tsawon ƙafarsa, wata ta auna da ɗani, wata kuma ta jawo yaron wani da ke wucewa ta kara masa rigar a baya, ta ce ai kansu ɗaya da nata. Suna da hujja. Rigar da aka rubuta wa shekara 3 sau da yawa ɗan shekara 5 take yi wa daidai a nan, kuma ɗan bosho ya san haka, shi ya sa in an faɗa masa shekarun yaro sai ya miƙo wadda ke ƙasa da su. Masu ciniki na ɗaukar abin a matsayin girman jikin Turawa. Ma'aikatan kiwon lafiya sun san ba nan zancen ya tsaya ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ke yi kan abinci mai gina jiki ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Maraɗi ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da shekarunsu suka kamata su ba su ba. Jihar da ake kira rumbun hatsi, wadda kuma a yunwar 2005 ta cika da cibiyoyin jinyar tamowa, ita ce ke da wannan lissafi. Kowace safiyar Litinin ana gwada shi a fili, da ƙyallen wuyan riga, ba tare da kowa ya kira sunansa ba.

Ban da haka ma, uwa ba ta sayen riga daidai jiki. Takan ɗauki mai ɗan girma, a naɗe hannu a bana, a sake shi baɗi, shekara ta uku ƙane ya gada.

Dila ba ta san yanayin Maraɗi ba, kamar yadda ba ta san jikin ƴaƴanta ba. Cikin watan Afrilu, ana zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa, sai a fasa wata a tarar da rigunan ƙanƙara masu auduga da hular gashi. Mai haƙuri da sauran jari ya ɗaure su ya aje. Daga ƙarshen Nuwamba, in hunturu ya sauko da ƙurarsa, yara suka fara tari, su ne zinariya. A lokacin an riga an yi girbi, manomi ya sayar da wake ko gero ƴan tiya, kuɗi sun shigo ƙauye, kuma babu abin da ake nema kamar rigar sanyi da safa da hular jariri. Tsakanin komawa lakwal a watan Oktoba da tsakiyar hunturu ne ɗan bosho ke cin shekararsa. Wanda jarinsa ya ƙare kafin nan, ya karyar da kayan sanyi a watan Yuni don ya biya uban gida, shi ne ke kallon riba tana wucewa a hannun maƙwabcin rumfa.

Abin da bai dace da gari ba, tela ke daidaita shi. A gefen ƴan bosho ba a rasa mai keken ɗinki: ya rage ƙugu, ya sa roba, ya mayar da rigar babba ta yara biyu. Kayan ƴan mata sun fi ba da aiki, kasancewar abin da ake ɗinka wa ƴar shekara 10 a Turai ba kowane uba ne a Maraɗi zai bari a fita da shi ba. Guntun siket ya koma na ciki, riga marar hannu ta shige ƙarƙashin hijabi, wasu kuma su kwana a rumfa har su koɗe. Rubutun da ke ƙirjin riguna kuwa babu ruwan kowa da shi. Almajiri na yawo da sunan wata makarantar Amurka a gabansa, ɗan mai unguwa da na wata ƙungiyar ƙwallo ta Jamus.

Kayan wasa su ne ƙanen bosho, cikin buhu ko kwali suke zuwa, a zube su bisa tabarma. Cacarsu ta fi ta tufafi, domin riga in ta rasa maɓalli riga ce, amma mota in ta rasa ƙafa guda ta tashi aiki. Ga ƴar tsana mai farin gashi da hannu ɗaya, ga jirgin ƙasa ba hanyarsa, ga waya ta roba wadda in an sa mata pil take waƙa da harshen da babu mai ji. Mai sayarwa yakan aje pil biyu a aljihu don gwaji, ya cire su da an gama ciniki. Balo da keken yara ba su kwana. Dabbobin auduga masu laushi kuwa sai an zaɓa: zaki da zomo na tafiya, kare da alade sai dai a haɗa su gyara. Wasu gidaje ba su shigar da duk abin da ke da siffar mai rai, wasu malamai kuma sun sassauta kan ƴar tsanar yarinya, saboda haka mai tabarma ya koyi karanta fuskar uba kafin ya miƙa wa ɗiyarsa. Gaskiyar magana, masu sayen kayan wasa ba su da yawa. Ma'aikaci ne, ko ɗan kasuwar da ya ci riba, ko kawun da ya zo ganin gida. Ga sauran jama'a, kuɗin motar roba kuɗin tiyar gero ne.

Duk wannan ciniki rataye yake da iyakoki biyu da ba Maraɗi ke riƙe da mabuɗinsu ba. Nijeriya ta rufe tata daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, dila ta taru a sito ba mai ɗauka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe ta kudu da ta Benin a lokaci guda. An buɗe ta Nijeriya a watan Maris na 2024, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, a wuyan rigar yaro ake biyansa. A ɗaya gefen kuma faɗuwar naira tun 2023 ta sa mai sefa ya zama mai ƙarfi a Katsina da Kano, sababbin kayan yara ƴan Sin suka yi araha. Suna da ƙyalli, kuma sababbi ne. Sai dai uwayen da suka gwada duka biyun sun san wanda ke jure wanki da dutse da rana, shi ya sa bosho lamba ɗaya yakan fi sabo tsada, kuma a saye shi.

Akwai rana guda da bosho ke ja da baya. Ranar salla, uban da ke da hali ko yaya sai ya yanka wa ƴaƴansa yadi ko shadda, ya yi zaryar shagon tela har daren jajibiri. Wanda bai samu ba ya zo rumfa a makon ƙarshe na azumi, ya zaɓi mafi kyau, a wanke da omo, a sa shuni, a goge da dutsen guga, a ɓoye ƙarƙashin katifa. Yaron ba zai tambaya ba, maƙwabta ma ba za su ce komai ba.

Abin da ya saura bayan butik da rumfa sun ɗiba, shi ke fita gari. Ƙananan ƴan kasuwa su ɗaure shi cikin buhu a bayan babur, su bi kasuwannin mako. Wani ya nufi Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda fadar Sarkin Gobir take. Dilar ta riga ta ratsa garin a bayan babbar mota kwanaki kaɗan da suka wuce, ba ta tsaya ba. Yanzu ta dawo masa bayan an tsince ta sau biyu. A nan ba a rataya kaya, kasa su ake kashi-kashi, kowane tsibi da kuɗinsa, mai talla na kiran dala ashirin-ashirin. Tun 2019, da ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji, akasarinsu mata da yara da suka fito da abin da ke jikinsu kawai, tsibin dala ashirin ya samu ƙarin masu tsugunawa.

Wani kuma ya yi kudu, ya bi hanyar Ɗan Isa zuwa Jiratawa. Garin na da abin da yawancin ƙauyuka ba su da shi, wato fadamar noman rani da aka gyara a farkon shekarun 1980, mai faɗin kusan hekta 500. Zogala da kayan lambu na kawo kuɗi a watannin da rumbunan wasu suka fara ƙara, don haka ɗan bosho na samun ciniki a can har cikin bazara. Macen da ta sayar da buhun ganye da safe takan tsaya gaban tabarma kafin ta koma gida, ta kwance bakin zane, ta fiddo zarenta mai ƙulli.

Can gefen tabarmar, inda aka watsar da karyayyun kayan wasa da ba su sayu a birni ba, yara maza ke tsugune. Ba motar suke so ba, ƙafafunta suke dubawa. Yaran Jiratawa, kamar iyayensu a da, da karan dawa da waya da gwangwanin madara suke ƙera motocinsu, har da sitiyari mai tsawo da ake tuƙawa a tsaye. Abin da ya fi ba su wahala shi ne taya, wadda a da sai an yanko daga tsohon silifa. In suka haɗa dala biyar-biyar suka sayi motar roba marar kai, sai su ɓalle tayoyin huɗu, su jefar da sauran, su nufi bakin gulbi neman kara.